Cinikin Tsohuwar Akori-kura a Ma'aunin Shari'a

Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda aka fi sani da akori-kura, tana cikin motocin da suka fi daɗewa suna aiki a hanyoyin kudancin Damagaram. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, a 1967 ya ƙara da akori-kurarta, wadda ta ci gaba da fita kasuwa har 1988. A Kenya ma sai 1991 aka daina harhaɗa 404. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, tata akori-kurar ta biyo baya a 1979, kuma masana'antar PAN ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta sa Fijo da kayan gyaranta suka wadata a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Duk wata 404 da ke tafiya a yau, ke nan, ta haura shekara 30 da barin masana'anta.

Matameye, babban garin gundumar Kance, yana kan hanyar da ta taso daga Takieta ta bi Ɗan Barto da Daura ta zarce Kano. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa da rake da kayan lambun fadama. Shekaru da yawa irin waɗannan motoci ne ke kwaso amfanin gona daga ƙauyuka ranar kasuwa, buhuna a ƙasa, mutane a bisa, akuya ɗaure a gefe. Toyota ta ƙwace wannan fage tun tuni, Fijon da suka rage kuwa kaɗan ne. A Turai ma sun yi ƙaranci, don tsatsa ta cinye mafi yawansu, waɗansu kuma an sayar da su zuwa Afirka tun suna da sauran ƙarfi. Wannan ya sa mota guda ta sami masu so iri biyu: mai neman abin ɗaukar kaya, da mai neman tsohon abu don ajiya da sha'awa. Idan mai irin wannan mota ya tashi rabuwa da ita, shi ko dillalinsa ya ce "kullum tana kan hanya", sai tambayoyi su taso: me ya wajaba ya faɗa game da lafiyarta, nawa ya halatta ya karɓa, kuma wane haƙƙi ne a kan wanda ya fi mai ita sanin darajarta.

Mutanen yankin mazhabar Imam Malik suke bi, kuma littattafan da ake komawa gare su a zaurukan karatu su ne Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Shaihu Halil, tare da Muwaɗɗa ta Malik kansa. Babu mota a cikinsu, amma akwai dabbar hawa, doki da raƙumi da jaki, kuma a kansu malamai ke yin ƙiyasi. Abu na farko da ƙiyasin ke nunawa shi ne cewa tsohuwar mota ba ta cikin kayan da ake awo ko aunawa, irin gero da gishiri, waɗanda tiya ɗaya ke maye gurbin tiya ɗaya. Tana cikin kayan da ake yi wa ƙima ɗaya-ɗaya. Fijo biyu da suka fito shekara ɗaya daga masana'anta ɗaya ba za su zo kuɗi ɗaya ba, don kowace da tarihinta. Wannan tarihi kuwa a kan mutum ɗaya yake, wato mai sayarwa, kuma daga nan duk matsalar ta samo asali.

Tsufa a kansa ba aibi ba ne. Aibin da ke sa a mayar da kaya, a wurin Malikawa, shi ne abin da al'ada ta saba ganin kayan sun kuɓuta daga gare shi, wanda kuma ke rage musu kuɗi. Al'ada ba ta saba ganin motar shekara 40 da sabon fenti da kujerun da ba su yage ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan aibin da ke fili, kamar tsagaggen gilashi ko ƙofar da aka ɗaure da waya, wanda ya gan shi ya saya ba shi da ƙorafi. Inda magana take shi ne abin da ido ba ya kaiwa: tsagewar da aka yi wa walda a ƙarƙashin mota aka shafe da baƙin fenti, injin da ke shan mai, giyar da ke fita da kanta idan an hau tudu da kaya, birkin da ke sakin iska.

Asalin hukuncin sananne ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, busasshen yana sama, sai ya tuhumi mai abincin don me bai ɗora jiƙaƙƙen inda mutane za su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga tafarkinsa. Wani hadisin ya hana a bar nonon raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatsa ba don mai saye ya ga hantsa cike, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na dabino. Wannan na biyu ya fi kusa da abin da ake yi a gareji. Akwai mai zuba baƙin mai mai kauri don ƙarar injin ta kwanta na kwana biyu. Akwai mai tayar da mota da asuba ya bar ta ta yi zafi, don idan mai saye ya iso hantsi a murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Akwai mai aro batir da tayoyi don ranar gwaji kawai. Babu wanda ya buɗe baki ya yi ƙarya a cikin waɗannan, amma malamai sun ɗauki yaudarar aiki daidai da yaudarar baki, kuma hukuncinsu ɗaya.

Kalmar "kullum tana kan hanya" ta fi wannan wuyar sha'ani, don sau da yawa gaskiya ce. Motar tana fita kowace safiya, tana zuwa Kance ta dawo, ranar Lahadi ta kai kaya iyaka don kasuwar Mai'aduwa. Sai dai a hannun wa take yin hakan? Mai ita ya san sai an taka birki sau biyu kafin ya kama. Ya san da dare a kan gangare ake ajiye ta, don da safe yara biyu su ishe shi turi. A bayan kujera akwai jarkar ruwa da ba ta rabuwa da wurin, don lagireto na bukatar ƙari kafin a kai Takieta. Shekara da shekaru yana yin waɗannan abubuwa har sun bar zama aibi a idonsa, sun koma halin mota. Idan ya ce lafiyarta ƙalau, zuciyarsa ba ta ƙaryata shi. Amma wanda zai karɓi makulli bai gaji wannan sani ba, kuma abin da ya fahimta daga maganar shi ne motar za ta yi masa yadda take yi wa mai ita. Shaihu Halil ya hukunta cewa duk siffar da aka ambata a ciniki, wadda mai saye ke da manufa a kanta, sharaɗi ce, ko da a bakin mai shela aka ji ta. Idan ba a same ta ba, ana mayar da kaya. Saboda haka kirarin dillali a tasha ba iska ba ne. Ma'aunin kuwa shi ne abin da mai saurare ya fahimta bisa al'ada, ba abin da mai magana ya ɓoye a ransa ba. Duk dabarar da dole sai an san ta kafin motar ta yi tafiya lafiya, faɗinta wajibi ne.

Wasu na neman mafita da cewa "yadda ka gan ta haka na sayar, babu dawowa", ko su ce "ɗauke ta a matsayin tarin ƙarfe". Hanafawa sun yarda mai sayarwa ya barranta daga dukkan aibi da irin wannan lafazi. A mashahurin zancen Malikawa kuwa barrantar ba ta amfani a irin wannan haja, kuma ba ta taɓa rufe aibin da mai sayarwa ya sani ya yi shiru. An ma ƙara da cewa dole ya fayyace aibin, ya nuna wurinsa da girmansa, kada ya dunƙule shi cikin jerin aibobin da babu su. Wanda ya ce "komai nata ya lalace" yana dariya, alhali abu ɗaya ne ya lalace kuma ya san shi, ya ɓoye gaskiya ne a cikin taron ƙarya, don ya san mai saye zai ɗauki maganar wasa. Abin da mai sayarwa bai sani ba, kuma ba a iya gane shi sai an ɓata kayan, kamar ƙwaron da ke cikin katako, shi ne aka yi rangwame a kansa. Injin mota kuwa bai cika shiga nan ba, tunda bakanike na iya buɗe shi ya mayar.

Akwai wata tambaya da ta girmi mota da daɗewa. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har masana suka yi ta gardama ko jirgin nan shi ne na farko. Akori-kurar da ta yi shekara 40 tana aiki haka take. Injinta wataƙila na 504 ne, ko ma na wani kamfanin daban. Kafireto daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Bayanta maƙerin gari ne ya sake shi ya ƙara masa tsawo don ya ci buhuna. Ita ce 404 ɗin ko ba ita ba ce? Fiƙihu bai tsaya warware wannan a sarari ba, sai ya mayar da tambayar ga manufar mai saye. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a cikin Ihya'u labarin sahabi Wasila ɗan Asƙa'u, da ya ga an sayar da taguwa, ya bi mai sayen da gudu ya tambaye shi ko don nama ya saye ta ko don hawa. Da ya ce don hawa, sai ya nuna masa rauni a tafin ƙafarta. Raunin da ba komai ba ne ga mahauci, aibi ne ga matafiyi.

Haka abin yake a nan, har ma ya kan juye gaba ɗaya. Ga mai jigilar rake, injin da aka canza da mai ƙarfi ƙarin daraja ne. Ga mai tara tsofaffin motoci, shi ne babban aibi, don abin da yake biya shi ne asali: injin da lambarsa ta dace da takarda, sitiyari da agogo da fitilu na masana'anta. Ƙungiyar FIVA ta duniya, mai kula da harkar motocin tarihi, ta ƙayyade cewa motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka kiyaye ta a kan siffarta ta asali, kuma ba a yin zirga-zirgar yau da kullum da ita. Abin da ake yi wa mota kirari da shi a tashar Matameye, ke nan, shi ne ke fitar da ita daga wancan aji. Wajibin mai sayarwa ya danganta da wanda ke gabansa: idan ya san don asali ake saye, sai ya lissafa abin da aka canza, idan don aiki ne, sai ya lissafa abin da ke iya tsayar da ita a daji. Labarin Wasila ya kuma nuna cewa wajibin bai tsaya kan mai kaya ba. Bakaniken da ya saba gyara motar, idan aka tambaye shi, da dillalin da ke jiran la'ada, duk suna ciki.

Batun farashi ya fi sauƙi. Alƙur'ani ya halatta ciniki, ya kuma gina shi a kan yardar ɓangarorin biyu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara da Suratun Nisa'i. Anas ya ruwaito cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi ya yanke farashi, bai yi ba. Babu wani haddi na riba da shari'a ta ajiye, kuma ƙarancin abu dalili ne karɓaɓɓe na tsadarsa. Hanin ɓoye kaya don su yi tsada ya shafi abin da jama'a ke cutuwa da rashinsa, tsohuwar Fijo kuwa ba ta cikin wannan. Mai ita na iya cewa "albarka" sau goma har a kai inda ransa ya kwanta. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa don ya ajiye ta yana kallo ma bai yi haram ba, muddin bai tauye wani haƙƙi da ke kansa ba, domin sha'awar abu mai kyau amfani ne da shari'a ta san da shi. Abin da aka hana shi ne ƙirƙiro tsadar. A tsayar da wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, wannan shi ne najashu da hadisi ya hana. A ce "jiya wani Bature ya taya ta miliyan kaza sefa" alhali ba a yi ba, shi ma malamai a nan suka sa shi. Haka cewa irinta ba ta fi uku a ƙasar nan ba, ba tare da sani ba, ballantana a haɗa da rantsuwa.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta kishiyar wannan: mai saye ne ya sani, mai sayarwa bai sani ba. Misali, magada sun gaji akori-kura a ƙauye, suna ganin ta kuɗin ƙarfe da ɗan abin da ya ɗora. Wani da ke bin kasuwar Turai ta intanet ya duba ya gane injinta na asali ne, ko kuma 504 ce irin wadda kamfanin Dangel ya mayar mai jan ƙafa huɗu, wadda ba a yi da yawa ba. Ya taya kaɗan, aka sallama. A mashahurin zancen mazhaba cinikin ya tabbata, don faɗuwa a farashi kaɗai ba ta warware ciniki. An ma ruwaito daga Malik mas'alar wanda ya sayar da dutse da araha daga baya aka gane yaƙutu ne: idan da sunan dutse aka sayar, babu dawowa, don yaƙutu ma dutse ne, idan kuwa da sunan wani abu daban aka sayar, sai a warware. Hujjar ita ce sani dukiya ne da mutum ya wahala ya samu, kuma da za a buɗe wannan ƙofa babu cinikin da zai zauna.

Amma an toge wanda ya miƙa wuya, wato ya ce "ban san kuɗinta ba, saya yadda mutane ke saye", ko ya tambaya kai tsaye aka ba shi amsar ƙarya. Wannan an zalunce shi, kuma yana da damar karɓe kayansa. Wasu malaman sun faɗaɗa: Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, ya tafi a cikin Tuhfa a kan cewa ana sauraron ƙarar wanda aka kayar idan faɗuwar ta kai sulusi ko fiye, shi kuma jahilin farashi ne, kuma shekara ba ta wuce ba. Akwai kuma hanin tarar fatake a hanya kafin su shiga kasuwa su ji farashi, wanda illarsa ita ce cin gajiyar rashin sanin mai kaya. Wanda ke bin ƙauyuka yana neman motocin magada kafin labari ya kai musu bai yi nisa da wannan ba. Idan a cikin magadan akwai marayu, abin ya ƙara tsanani, don wasiyyi ba shi da ikon sayar da dukiyar maraya ƙasa da ƙimarta. Mu'amala gida biyu ce: na farko shi ne abin da alƙali ke iya tilastawa, na biyu abin da mutum ke yi don lahirarsa. Shirun mai saye na iya tsallake na farko, amma da wuya ya tsallake na biyu, kuma da zarar ya buɗe baki ya kushe motar da abin da ya san ba haka ba ne, ya faɗi a duka biyun.

Hanyoyin kariya suna nan a cikin littattafan. Malikawa ba su yi aiki da zaɓin majalisa ba: da an ce "na saya", "na sallama", ciniki ya faɗa ko ba a tashi daga wurin ba. Wanda ke son gwaji sai ya sharɗanta zaɓi na ɗan lokaci gwargwadon abin da ake gane kayan da shi, wanda a dabba bai wuce kwanaki kaɗan ba. Ga mota, wannan na nufin a kwana da ita a tayar da ita da sanyin safiya, a ɗora mata kaya, a bi da ita hanyar yashi. Mai sayarwar da motar ce abincinsa shi ma yana da sarari: Jabir ya sayar wa Annabi raƙuminsa a hanya ya sharɗanta hawansa har Madina, kuma daga nan Malikawa suka halatta toge amfani na ɗan gajeren lokaci, kamar a bar masa ita ya kai kayan da ya riga ya karɓa. Kuɗin kafin alƙalami da ake cinyewa idan an fasa, mazhabar Malik ta hana shi, Hambalawa sun halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta bi bayansu a zamanta na 1993 a Brunei, da sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Takardu ma suna cikin lafiyar mota. Katin mallaka da ba sunan mai sayarwa ba, kuɗin duwan da ba a biya ba ga motar da ta shigo daga Najeriya, lambar jiki da ta saɓa wa takarda, duk aibobi ne da jandarma zai gano a shingen farko, kuma faɗinsu wajibi ne kamar faɗin na birki. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a ciniki, takarda mai ɗauke da jerin aibobin da aka ambata kuwa tana kare mai sayarwa kamar yadda take kare mai saye.

Idan aibi ya bayyana bayan ciniki, mai saye yana da zaɓi ya riƙe motar a kan kuɗinta ko ya mayar ya karɓi abinsa, kuma kuɗin jigilar da ya samu kafin nan nasa ne, don da ta halaka a lokacin shi zai yi asara. Idan ya ga aibin ya ci gaba da lodi, an ɗauka ya yarda, sai fa wanda abin ya riska a tsakiyar tafiya ba shi da yadda zai yi sai ya ƙarasa gida. Idan wani sabon lahani matsakaici ya same ta a hannunsa, ko dai ya riƙe a biya shi ragin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. Duk wannan ga mai sayarwar da bai sani ba ne. Wanda ya san aibin ya ɓoye, idan motar ta halaka ta dalilin wannan aibin, kamar birkin da aka yi shiru a kansa ya ƙi kamawa a gangare, asarar tasa ce, kuma zai mayar da kuɗin gaba ɗaya.